Tubar Kare da Hannun Sallau

A zamanin da ya shuɗe, an yi wani sarki a Birnin Tarkunya ana ce da shi Tunau, dogon mutum, jarumi, mai kaifin basira da saurin fushi, wanda tun yana yaro bai taɓa sunkuyar da kai don tsoron wani mahaluki ba. Allah ya ba shi ƙasa mai albarka da talakawa masu biyayya, amma ya jarrabe shi da abu guda, shi ne ya sakankance cewa an ba shi firasa, yana iya duban fuskar mutum ya karanta abin da ke zuciyarsa kamar yadda malami ke karanta allo. In an kawo masa wanda ake tuhuma, ba ya kiran shaidu, ba ya neman rantsuwa. Sai ya zuba masa ido, ya daka masa tsawa, in mutumin ya sunkuya, jikinsa ya ɗauki ɓari, ya shiga lasar leɓe, to magana ta ƙare. Fadawa kuwa, kun dai san su, ba su da aikin da ya wuce su ce, "Gaskiyarka, Zaki, mu ma mun gani a idonsa." Alhali wallahi ko idon mutumin ba su kalla ba, fuskar Sarki suke kallo.

Wani halin nasa kuma shi ne ba ya son ya faɗi magana sau biyu, bawan da ya fi ɗaukaka a wurinsa shi ne wanda zai hango abin da ke ransa ya aikata tun bai buɗe baki ba. Ta wannan ƙofa Sarkin Dogarai ya samu shiga, wani ƙaton mutum mai jan ido, wanda ya tara riguna da dawaki ba don wata jarumta ba, sai don ya iya gadin girar ubangidansa. Ku riƙe wannan a ranku, za mu dawo kansa.

Sarki yana da wata farar kyanwa da fatake suka kawo masa daga arewa, ya sa mata suna Gimbiya, yana ji da ita ƙwarai. A cinyarsa take zama, a turakarsa take kwana, har fadawa kan ce mata "sannu da hutawa" in ta gifta, don rashin ta-ido. A barga kuma akwai wani jan kare mai farin goshi ana ce masa Kyalle, yana gadin dawaki. In Sarki ya je duba dawakinsa yakan jefa masa ƙashi, wani lokaci kuma ya daka masa tsawa don kawai ya ga yadda zai yi.

Wazirin wannan sarki, Hambali, dattijo ne mai ilimin fiƙihu da sanyin magana, amma yana da wani abu da ba ya son a tono. Maraya ya tashi, a gidan kawunsa maharbi, cikin karnukan farauta da kyanwoyin rumbu, kafin a kai shi karatu. A fada kuwa, inda mutum kan tattare rigarsa in kare ya wuce, wannan asali ba abin faɗa ba ne, saboda haka ya binne shi a cikinsa shekara da shekaru.

To, ana nan sai Sarki ya ba da wata tsohuwar laya da mahaifiyarsa marigayiya ta rataya masa tun yana jariri, ya ce a sake mata riga, don fatarta ta tsattsage. Ba wanda za a ba irin wannan aiki a birnin nan sai Sallau baduku, mutum mai kunya da ƙarancin magana, wanda ɗinkinsa ke fita ƙanana a jere kamar ƙwayar gero a zangarniya. Shi ke ɗinka wa Waziri gafakar littattafansa, shi ke yi wa dawakin Sarki linzami da rigar sirdi, da hannun nan nasa na dama yake ci da tsohuwarsa da matarsa da 'ya'yansa. Aka ce layar ba za ta fita fada ba, saboda haka a wani zaure ya zauna yana aiki. Ya rufe ta da jar fata, ya sa mata jajayen tuntaye, saura bakin ɗinki kaɗai, aka kira azahar. Ya ajiye ta a kan buzu ya tafi masallaci. Da ya dawo, laya ta ce ɗauke ni inda ka ajiye.

Aka gurfanar da shi. Sarki ya zuba masa ido, ya yi masa tsawar da har dawaki suka ji a barga. Sallau ya kife kansa a ƙasa, jikinsa na rawa, yana lasar busasshen leɓensa, ya ce, "Na tuba, ranka ya daɗe, na tuba." Sarki ya ce ɓarawo ya amsa laifinsa, gobe bayan la'asar a yanke masa hannu.

Waziri ba ya gari ranar da aka yi wannan, ya tafi sulhunta wata rigimar iyaka. Washegari da hantsi ya dawo, tun bai sauka daga doki ba labari ya tarye shi, ya ji kamar an watsa masa ruwan zafi. Ko gida bai shiga ba ya zarce gidan yari. Ya tarar da Sallau a tsugune, ya ɗora hannunsa na dama a cinya yana ta kallonsa.

Waziri ya ce, "Sallau, tsakaninka da Allah, ka ɗauka?"

Sallau ya ce, "Wallahi tallahi, ranka ya daɗe, ban ɗauka ba. Me zan yi da layar wani? Ni ɗinkin ma ban ƙarasa ba."

Waziri ya ce, "To don me ka ce ka tuba? Don me ba ka ɗaga kai ka dube shi ka faɗi gaskiyarka ba?"

Sallau ya ɗago kaɗan cikin mamaki, ya ce, "In dubi Sarki a ido? Ranka ya daɗe, ni ko mahaifina ban taɓa duba a ido ba har ya koma ga Allah, haka aka tarbiyyantar da mu. Sarki yana tsawa, me talaka zai ce in ba ya tuba ba? Na zaci in na faɗi haka zai huce."

Waziri ya fito zuciyarsa na ƙuna. Abin da ya fi ba shi takaici shi ne, ladabin da iyaye suka sha wahala suka koya wa ɗansu, shi ne yau aka mayar shaidar sata a kansa.

Ya isa fada, ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, ya ƙara masa nasara a kan maƙiyansa. Bawanka ya dawo ya tarar da hukunci, bai kuwa zo don ya ja da hukuncin ubangidansa ba, sai don ya roƙi a nuna masa hujjar da aka gina shi a kanta, domin malamai sun haɗu a kan cewa ba a tsai da haddi inda shubuha ta shiga."

Sarki yana shafa Gimbiya a cinyarsa, ya ce, "Hujja, Waziri? Idona ne hujja. Na dube shi ya kasa dubana, na yi masa tsawa ya ce ya tuba. Wanda bai yi laifi ba, a kan me zai tuba? Kai, ko dabba ba ta iya ɓoye laifinta. Je ka barga ka ga Kyalle ranar da ya saci nama, tun ba a taɓa shi ba zai kwanta ya amsa da jikinsa. In kare ya san kunyar laifi har ta bayyana a kansa, ɗan Adam ne zai iya ɓoyewa?"

Waziri ya san amsar wannan magana tun yana ɗan yaro, amma ya san in ya faɗe ta sai an tambaye shi inda ya koya. Ya auna girmansa, ya auna hannun Sallau, ya ga girman bai kai ba. Ya ce, "Allah ya ba ka nasara, a gidan maharbi na tashi, da karnuka na yi wayo, da kyanwoyi na yi kwana. Na san maganarsu kafin in san baƙi da wasali. Abin da kare ke faɗi in ya kwanta, ba shi ne abin da Sarki ke ji ba."

Fada ta ɗauki guna-guni. Wani ya rufe baki da hannun riga yana dariya, wani ya ce ƙasa-ƙasa, "Ashe Wazirin namu ɗan gidan karnuka ne." Waziri ya ji, ya haɗiye.

Sarki ya murmusa, irin murmushin da ba ya kai wa ido, ya ce, "Madalla. Na ba ka daga yanzu zuwa la'asar. Ka nuna mini kare ya yi kwanciyar mai laifi alhali bai yi ba, ka kuma nuna mini inda layar uwata take. In ka yi, Sallau ya tsira da hannunsa. In ka kasa, a yanke hannun, a kuma warware rawaninka a bainar jama'a."

Waziri ya ce, "Na karɓa. Abin da nake roƙo kaɗai, Sarki ya tako zuwa barga da kansa, a kuma kawo mini tsire tsinke biyu da faifai."

Bayan azahar aka ɗunguma zuwa barga, manyan fada suna tattare riguna suna yamutsa fuska kamar an kai su juji. Kyalle ya taso da murna yana kaɗa wutsiya. Waziri ya ɗora tsinke guda a faifai, ya roƙi Sarki ya ajiye a gaban karen da hannunsa, ya ce masa kul, sa'an nan ya koma bayan katanga har a kira shi. Sarki ya yi haka. Yana ɓacewa, Waziri ya sunkuya ya ɗauke tsiren ya jefa a aljihunsa, a kan idon kowa, kare bai ko sunsuna ba. Aka kira Sarki.

Sarki ya ga faifai wayam, ya haɗe gira, ya daka tsawa, "Kai! Ɗan banza, ba na ce kul ba?" Nan take Kyalle ya kwantar da kunnuwa, ya cusa wutsiya tsakanin ƙafafu, ya kau da kai gefe yana lasar hanci, ya ja ciki har gaban Sarki, ya mirgina rigingine. Sarki ya waiwayi Waziri ya ce, "To, ka gani? Akwai ikirarin da ya fi wannan?"

Waziri ya sa hannu a aljihu ya fito da tsiren, ko tsoka ɗaya ba ta ragu ba.

Sarki ya ce, "Wannan sa'a ce, a sake." Ya sake ajiye tsiren, ya sake cewa kul, ya koma bayan katanga. Wannan karon Waziri ya zare naman ya miƙa wa Kyalle, kare ya lamushe shi tas, sa'an nan ya ɗauko ɗaya tsinken ya ɗora a faifan. Sarki ya dawo ya ga nama na nan, fuskarsa ta saki, ya ce, "Yauwa, Kyalle, yanzu ka yi hankali." Kare ya miƙe tsaye, kunnuwa a sama, wutsiya na kaɗawa har ƙugunsa na rawa, yana duban Sarki ido cikin ido. Sarki ya ce, "Ga fuskar mai amana. Wannan ko makaho ya shafa ya san bai ci ba."

Waziri ya ce, "Allah ya ja zamaninka, dubi gemunsa." Sarki ya duba, ga garin ƙuli-ƙuli da mai dumu-dumu a bakin kare, ga tsinken farko a yashe a ƙasa babu komai a jikinsa. Ya dubi fadawa, kowa ya sunkuyar da kai, har masu dariyar ɗazu.

Waziri ya ce, "Da bai ci ba, ya kwanta. Da ya ci, ya tsaya yana murna. Kare bai san sata ba, Zaki, muryarka ya sani, da girarka, da yadda ka tako. Kwantar da kunne da kau da ido da nuna ciki, a wurin karnuka, ma'anarsu guda ce, wato ka fi ni ƙarfi, kada ka cuce ni. Haka ƙaramin kare ke yi wa babba ko da shi aka zalunta. Ba labarin abin da ya aikata yake ba ka ba, labarin abin da yake tsoron za ka aikata yake ba ka."

Fuskar Sarki ta yi baƙi ƙirin, jijiyar goshinsa ta tashi, ya ciji leɓe yana huci. Kunya ce ta kama shi, irin wadda bai taɓa ɗanɗanawa ba, amma wanda bai sani ba sai ya ce fushi ne. Waziri kuwa hankalinsa na kan abin da ya rage, bai waiwaya ya ga wa ke tsaye wa kuma ya sulale ba.

Can sai ga Gimbiya ta biyo ubangidanta ta kan katanga, ta diro kusa da Kyalle, ta tsaya tana kaɗa wutsiya da ƙarfi hagu da dama. Kyalle ya dube ta sau ɗaya, ya yi hamma, ya kau da kai, ya ja da baya a hankali. Waziri ya ce, "Sarki ya ga tabon nan a hancinsa? Na tambayi masu barga, sun ce aikinta ne. Yana ɗan kwikwiyo ya ga tana kaɗa wutsiya, a wurinsu kuwa wannan marhaba ce, ya ruga da murna. A wurin kyanwa kuwa kaɗa wutsiya gargaɗi ne, ta tsaga masa hanci. Tun daga ranar ya daina auna ta da mudunsa, ya koyi maganarta. In ta lumshe masa ido a hankali ya san lafiya, in ta kaɗa wutsiya ya ba ta wuri. Shi Sarki jarumi ne, bai taɓa sunkuyawa ba, saboda haka a wurinsa sunkuyawa sai mai laifi. Talaka kuwa da sunkuyawa ya tashi, ita ce gaisuwarsa, ita ce garkuwarsa."

Sarki ya ce da dasasshiyar murya, "Na ji wannan. Ina layata?"

Waziri ya riga ya yi zato tun da Sallau ya ambaci jajayen tuntaye, amma zato ba tabbas ba ne. Ya sa wuƙa ya yanke tuntu guda daga gafakarsa, aikin Sallau ne shi ma, ya ɗaura a zare, ya ja shi a ƙasa a gaban Gimbiya. Kyanwa ta tsaya cak. Kunnuwanta suka juyo gaba, baƙin idonta ya buɗe, ta laɓe da ciki tana girgiza ƙugu, sai wuf, ta cafke. Waziri ya saki zaren. Ta ɗaga kai da abin a bakinta, ta nufi cikin gida tana wani irin kuka mai kauri, ba irin kukanta na neman abinci ba.

Sarki ya tsaya sororo, ya ce, "Wannan kukan ta yi mini jiya bayan azahar, a bakin gadona. Na zaci madara take so."

Waziri ya ce, "Kukan da uwa ke yi wa 'ya'yanta ne in ta kamo musu abu, wato ku zo ku gani. Ta faɗa maka tun jiya, ranka ya daɗe. Mu bi ta."

Su biyu kaɗai suka shiga turaka. Gimbiya ta shige ƙarƙashin gado. Sarki da kansa ya durƙusa, abin da ba a taɓa gani ba, ya zura hannu ya jawo abin da ke ciki: wutsiyoyin ƙadangaru, gashin tattabara, busasshen ɓera, tuntun Waziri, da laya cikin sabuwar jar fata, zare na reto a bakin ɗinkin da ba a ƙarasa ba. Kyanwa ta fito tana goga kumatunta a ƙafarsa, tana gurnanin jin daɗi, ko a jikinta. Sarki ya daɗe yana kallon layar, sa'an nan ya ce, "Innalillahi. Waziri, a kawo mini Sallau yanzu."

Waziri ya fito da saurinsa, zuciyarsa fari ƙal, don rana ba ta ko karkata sosai ba, la'asar da sauranta. Ya ɗaga murya yana kiran Sarkin Dogarai. Sai a lokacin ya tuna rabonsa da ganin mutumin tun a barga.

Sai ga Sarkin Dogarai ya shigo yana washe baki, ya zube a gaban Sarki, ya ce, "Huce, Zaki, huce, mai duniya! Na ga ranka ya ɓaci a barga, na ga yadda ka ciji leɓe, na ce ba za a tsaya ana ja maka rai a kan wani ɓarawon baduku ba. Ban jira la'asar ba. An zartar." Ya ɗan ɗago yana jiran a ce a ba shi riga.

Wayyo! Waziri ya dafa bango. Duk abin da ya yi, da asirinsa da ya tona da dariyar da ya haɗiye, ashe yana can yana wasa da tuntu wuƙa ta riga ta sauka.

Sarki ya yi wata irin tsawa da ba a taɓa ji ba. Sarkin Dogarai, ƙaton nan mai jan ido, ya kife kansa a ƙasa, jikinsa na ɓari, yana lasar leɓe, yana cewa, "Na tuba, ranka ya daɗe, na tuba." Ana cikin haka aka shigo da Sallau, mutum biyu na riƙe da shi, an tsoma dungun hannunsa a tafasasshen mai an naɗe da tsumma, fuskarsa ta koɗe kamar toka. Yana jin tsawar nan, bai san ma da wa ake ba, ya zame daga hannun masu riƙonsa ya kife kansa kusa da na Sarkin Dogarai, ya ce, "Na tuba, ranka ya daɗe."

Sarki ya dubi wannan, ya dubi wancan. Ga wanda ya zubar da jini ba da umarni ba, ga wanda aka zubar da jininsa ba da haƙƙi ba, kai ɗaya a ƙasa, rawar jiki ɗaya, kalma ɗaya. Hawaye ya zubo masa har gemu, ya ce, "Waziri, wallahi ban iya bambanta su ba."

Waziri ya ce cikin baƙin ciki, "Ba za ka iya ba, Allah ya ba ka nasara, domin ba su kake gani ba, tsawarka kake gani. Shekarun nan duka ita kake yi wa shari'a."

Sarki ya ce a yanke hannun Sarkin Dogarai nan take. Waziri ya ce, "A'a, ranka ya daɗe, kada a wanke jini da jini cikin fushi. A kai shi gaban alƙali, a kira shaidu, a bi shari'a a hankali. Amma in an tambaye ni shaida, zan ce abin da aka daɗe ana ba shi riga a kansa ne ya yi yau." Sarki ya sunkuyar da kai, karo na farko a rayuwarsa.

Sa'an nan ya sauko daga karaga, ya tsuguna a gaban Sallau, ya nuna masa layar, ya ce, "Sallau, ba ka da laifi. Ni na zalunce ka. Ka yafe mini."

Sallau bai ɗago ba. Ya saci kallon layar ta gefen ido, ya ga zaren na reto, ya ce a hankali, "Allah ya ja zamanin Sarki, ban ƙarasa bakin ba. A kai wa wani ya rufe. Sai dai a ce masa kada ya ja zaren da ƙarfi, fatar ciki tsohuwa ce, za ta yage." Ya motsa kafaɗarsa ta dama kamar zai nuna wurin, sai ya tuna, ya sauke ta.

Sarki ya sa aka biya Sallau diyya, ya ɗauki cin gidansa da suturarsu muddin rai, ya kuma sa aka yi shela cewa daga ranar ba za a ƙara hukunta kowa a ƙasarsa da kallon fuska ba, sai da shaida ko ikirarin da aka yi cikin natsuwa, ba a gaban mai tsawa ba. Waziri kuma aka yafa masa alkyabba, aka ɗaukaka darajarsa a kan dukan 'yan majalisa, aka jawo masa ingarman doki da kayansa. Fadawan da suka yi masa dariya da hantsi su ne suka fi kowa ɗaga murya wajen yi masa kirari da yamma, har wani na cewa ai tun da can ya san ilimin dabbobi babban ilimi ne. Tir!

Waziri ya yi godiya kamar yadda ladabi ya hukunta, ya kama linzami zai hau. Sai yatsunsa suka ji ɗinkin, ƙanana a jere kamar ƙwayar gero, ya duba rigar sirdin, ita ma haka. Ya sauke ƙafarsa daga likkafa. Da ƙafa ya ja dokin har gida, ya kwance kayan da kansa ya rataye a zaurensa inda duk mai shigowa neman shari'a zai gani, bai taɓa ɗora su a kan doki ba har ya bar duniya. Sallau kuwa ya rayu, ba yunwa ba tsiraici, amma an ce kullum da hantsi yakan je rumfar dukawa ya zauna a gefe yana kallon hannuwan mutane.

Ni mai ba ku wannan labari ban ce adalcin da ya zo daga baya banza ne ba, ya tsirar da hannuwa da yawa. Sai dai bai mayar da ko yatsa ɗaya ba. Saboda haka duk wanda Allah ya ɗora a kan mutane, ko sarki ne ko alƙali ko maigida, ya sani cewa muddin ana tsoronsa ba zai ga gaskiya a fuskar kowa ba, fushinsa kawai zai gani ya dawo masa, kuma adalci ba ya farawa sai mai ƙarfi ya sassauta murya har mara ƙarfi ya iya cewa ban yi ba.